Kafin a Taɓa Huhun Ɗan'uwanka, a Jikin Wa Likita Ya Koya?

 Masu saurarenmu ta waya, da masu karanta rubutaccen shirin a nan shafi saboda data ta yi ƙasa, duka ina gaishe ku. Mutanen Boɗinga da Sifawa, mutanen Shagari, Kajiji da Dandin Mahe, ya aiki, ya kasuwa?

Yau maganar huhu za mu yi. Akwai wata irin tiyata da ake yi yanzu, wadda maimakon a tsaga ƙirjin mutum, sai a yi huji biyu ko uku tsakanin haƙarƙari, wani lokaci ma guda ɗaya tak, a zura siririyar kyamara da dogayen kayan aiki, likita yana kallon allo yana aiki a ciki. Likitoci suna ce mata VATS. Ni a shirin nan tiyatar huji zan riƙa ce mata. Tambayar da nake son mu zauna a kanta ita ce: wannan hannun da zai shiga ƙirjin ƙaninka ta huji, a ina ya koya? Amsar ba kowa ke jin daɗinta ba. A jikin dabbobi aka fara koyo: karnuka, aladu, tumaki, awaki. To bari mu bi ta a hankali, don akwai inda maganar ta shafi jar akuyarmu ta Sakkwato kai tsaye.

Mu fara da tsohuwar hanya, wadda har gobe ana yinta kuma tana ceton rai. Ana kwantar da mutum a gefe guda, a yanka daga ƙasan kafaɗa ta baya a zagayo gefen ƙirji, tsawon kusan taki ɗaya na hannun babba ko fiye. A ratsa nama, a sa wani ƙarfe tsakanin haƙarƙari biyu a riƙa murɗa shi yana buɗa su, har hannun likita ya samu shiga. A ƙarƙashin kowane haƙarƙari akwai jijiyar jin ciwo da take bi. Idan ƙarfen nan ya matse ta, wasu sukan yi watanni, wasu shekaru, suna jin zogi a wurin bayan ciwon ya warke. Ga shi kuma ƙirji ba ƙafa ba ne da za a ce a ɗaure a huta da shi. Kowane numfashi sai ya motsa. Mutum yana jin zafi sai ya ƙi yin tari, majina ta taru a huhu, wani sabon ciwon ya shigo.

A tiyatar huji ba a buɗa haƙarƙari. Huji mafi girma bai wuce santimita 3 zuwa 5 ba, wato faɗin yatsu biyu ko uku. A Birtaniya an yi wani babban bincike mai suna VIOLET, wanda aka wallafa a 2022, da marasa lafiya 503 masu kansar huhu. Aka raba su da ƙuri'a, rabi aka buɗe su, rabi aka yi musu ta huji. Waɗanda aka yi wa ta huji sun fi samun sauƙin ciwo, sun fi saurin dawowa ƙarfinsu, kuma matsakaicin zamansu a asibiti kwana 4 ne, na ɗaya ɓangaren kwana 5. Kun ji fa, kwana ɗaya. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ɗauka siddabaru ne. Sauƙi ne na gaske, amma tiyata tana nan tiyata.

To me ya sa ƙirji ya fi ciki wahalar shiga? Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗar ragon layya ya ga amsar da idonsa, bai dai lura ba. Da an buɗe ƙirji za ka ga huhu ya yamutse, ya koma ɗan ƙarami, ga fili ko'ina. Lokacin da ragon yake raye ba haka yake ba, huhun cike yake da ƙirjin. Abin da ke riƙe shi a buɗe shi ne babu iska tsakaninsa da bangon ƙirji, kamar yadda leda mai ruwa take manne wa tire. Da iska ta samu kafar shiga, shi ke nan, huhu ya saki, ya kwanta. Wannan ne ya hana likitoci taɓa ƙirji shekaru aru-aru. Ka buɗe, mutum ya kasa numfashi a hannunka.

Kuma duk matakin da aka bi aka warware wannan matsala, a kan dabba aka bi shi. A 1543 wani masanin sassan jiki mai suna Vesalius ya rubuta yadda ya sa kara mai rami a maƙogwaron alade, yana hurawa, huhun yana tashi, zuciya ta ci gaba da bugawa duk da ƙirji a buɗe. A 1667 a Landan, Robert Hooke ya yi irin wannan da kare, amma shi da zugazugi, irin dai wanda maƙeranmu suke zuga wuta da shi. Ku tuna, a zamanin nan babu maganin barci. Karen nan yana ji yana gani. Ba zan yi muku ƙarya in ce abin sha'awa ne ba, azaba ce. A 1904 wani Bajamushe, Sauerbruch, ya gina ɗaki na musamman da ake zuƙe wa iska, likitoci da jikin majinyaci a ciki, kansa kuma a waje, shi ma a karnuka ya fara gwadawa. Ɗakin ya yi aiki, amma ya yi nauyi da tsada, aka watsar. Dabarar da ta ci nasara ita ce waccan ta kara da zugazugi. Na'urar numfashin da kuke gani a ɗakin tiyata yau jikanyarsu ce.

Shi kuma leƙa cikin jiki ta huji, a kare aka fara shi. Georg Kelling, likita a garin Dresden na Jamus, a 1901 ya huda cikin kare mai rai, ya hura masa iska tacacciya don a samu fili, sannan ya zura madubin da ake duba mafitsara da shi ya kalli hanji. Idan wannan ya yi muku kama da wani abu, to kun gane: haka mahaucinmu yake tsaga ɗan wuri a ƙafar akuya ya hura, fata ta rabu da nama, fiɗa ta yi sauƙi. A 1910 wani likitan Suwidin, Jacobaeus, ya ɗauki dabarar ya shiga ƙirjin mutane da ita. Kuma kun san wace cuta ce ta sa shi? Tarin fuka. A lokacin babu maganinsa, sai dai a sa wa mutum iska a ƙirji da gangan don huhun da ya kamu ya kwanta ya huta. Idan huhun ya manne da bangon ƙirji ya ƙi kwanciya, sai Jacobaeus ya shiga ta huji ya ƙone zaren da ya riƙe shi. Da maganin tarin fuka ya fito a shekarun 1940, aikin ya kwanta. Bai farfaɗo sosai ba sai da ƙananan kyamarorin bidiyo suka zo. A 1991 Giancarlo Roviaro a Milan ta Italiya ya cire ɓangaren huhu guda ta huji. A 2010 Diego González Rivas a Sifaniya ya yi shi ta huji ɗaya.

Yanzu me ake gwadawa a jikin dabba takamaimai? Don wasu suna zaton kawai yanka ake yi a ga ko za ta mutu. A'a.

Abu na farko, ɗinki. Huhu ba kamar fata ba ne, kamar soso yake, cike da iska da jini. Idan ka yanke wani ɓangare, dole bakin da ya rage ya toshe, kada iska ta riƙa tsiyaya, kada jini ya zuba. Akwai wata na'ura da ke yanka tana ɗinkewa lokaci ɗaya da ƙananan ƙarafa jere-jere, kamar abin maƙala takardu na ofis. Kafin a yarda da sabuwar irinta, sai an gwada a huhun dabba. Yadda ake gane ko ɗinkin ya kama kuwa, wallahi daidai yake da aikin mai faci a bakin tasha: a cika ƙirji da ruwa, a hura huhu, a zuba ido a ga ko kumfa za ta taso. Haka ake yi wa mutum ma kafin a rufe shi. Amma akwai abin da huhun da aka ciro ba zai gaya maka ba, wato bayan kwana bakwai ko wata ɗaya ɗinkin yana nan? Ya warke ko ya ruɓe? Wannan sai mai rai.

Abu na biyu, hanyar shiga. Tunda jijiyar ƙarƙashin haƙarƙari ce ke kawo zogi, sai masu bincike suka ce, me zai hana a kauce wa haƙarƙarin baki ɗaya? A Taiwan da wasu ƙasashe an gwada shiga ƙirjin karnuka da aladu ta ƙasan ƙashin ƙirji, nan inda muke ce wa kan ciki, an gwada ta cibiya, har ta baki an gwada. Ta ƙasan ƙashin ƙirji ta samu wucewa, yau ana yi wa mutane. Ta baki kuwa ta tsaya a matakin gwaji, ba ta zama aikin yau da kullum ba. Wannan shi ne amfanin da mutane ba sa lissafawa. Gwajin dabba ba sabuwar dabara kaɗai yake haifarwa ba, yana tare wadda ba ta nuna ba tun kafin ta iso gadon asibiti.

Abu na uku, kuma wanda ya fi tsaya min a rai, jini. Jijiyar da ke kai jini huhu daga zuciya take fitowa kai tsaye, bangonta siriri ne. Idan ta yage, cikin daƙiƙoƙi allo zai koma ja, kyamara ba ta ganin komai. Me za ka yi? Ina za ka danna? Yaushe za ka bar huji ka tsaga ƙirji da sauri? Wanda ya taɓa shiga wannan halin sau biyar a ɗakin horo hannunsa ba zai yi rawa kamar wanda yau ce ranarsa ta farko ba. Ni dai in ɗan'uwana ne a kan gadon, na san wanda zan zaɓa.

To a Turai da Chaina alade suka fi amfani da shi, don girman ƙirjinsa ya yi kusa da na mutum kuma yana da araha a wurinsu. Mu nan ba sai na yi dogon bayani ba, alade ba abin da za a shigo da shi unguwa ba ne. Abin da muke da shi tumaki ne da awaki, kuma ba ƙananan malamai ba ne a fannin huhu. Ga misali ɗaya. A ƙarshen shekarun 1960, Graham Liggins a ƙasar New Zealand yana bincike a kan tumaki masu ciki, sai ya lura 'yan tumakin da aka haifa kafin lokaci suna iya numfashi idan sun samu wani magani tun suna ciki. A 1972 shi da abokin aikinsa Ross Howie suka wallafa gwajin da suka yi a mata. Allurar da ake yi wa mace yau idan naƙuda ta zo kafin lokaci, don huhun bakwaini ya yi ƙwari, daga garken tumaki ta fito.

Jar akuyarmu kuwa duniya ta san ta da fata, ita ce Turawa suka daɗe suna saye da sunan fatar Maroko. Nauyinta kusan na yaron firamare ne, ƙirjinta ma haka, kuma yara suna cikin waɗanda suka fi buƙatar a shiga ƙirjinsu a ƙasar nan. Ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da tsangayar likitancin dabbobi da asibitin koyarwa na dabbobi. Ga asibitin koyarwa na mutane, UDUTH, yana da sashen tiyatar ƙirji da zuciya. Duka a gari ɗaya. Ga awaki a kowace kasuwa daga Boɗinga har Shagari. Ba kowace jiha ce Allah ya haɗa wa waɗannan ukun ba.

Amma akuya ba mutum ba ce, kuma a nan ne karatun da na yi na lafiyar dabbobi yake sa ni taka burki. Huhun mutum na dama kashi uku ne, na hagu biyu. Na akuya da tunkiya ya fi haka rarrabuwa a dama. Sannan suna da wani reshe da ke fita daga maƙogwaro tun kafin ya rabu biyu, ya tafi saman huhun dama shi kaɗai. Alade ma yana da shi, saniya ma. Mutum galibi ba shi da shi. Me ya sa wannan ya zama magana? Saboda a tiyatar huji dole a kwantar da huhu ɗaya a bar ɗayan yana numfashi, ta haka ake samun filin aiki. Idan ka toshe reshen dama na akuya kamar yadda za ka yi wa mutum, sai ka tarar saman huhun yana nan yana hurowa a gaban kyamara. Ƙirjinta kuma matsattse ne ta gefe, mai zurfi ta ƙasa, namu mai faɗi ne. Kusurwar da hannu ya saba da ita a akuya sai an sake gyara ta a mutum.

Ga kuma tumbi. Dabba mai tuƙa idan aka sa ta barci, tumbinta bai san an yi barci ba, yana ci gaba da haɗa iska. Ciki ya kumbura ya danne huhu, ko abinci ya dawo ya faɗa maƙogwaro, ga miyau kamar famfo. Shi ya sa ake hana ta abinci kafin aiki, a sa mata bututu a maƙogwaro, a karkata kanta ƙasa. Akwai ma allurar kwantar da dabba da ake yawan amfani da ita, zailazin, wadda a tumaki takan sa iskar jini ta faɗi, har ruwa ya taru a huhu. Wanda bai san wannan ba zai ɗora wa tiyata laifin da na allura ne.

Yanzu mu zo inda na san wasunku suna jira. Wani zai ce, Malam, ita akuyar me ta yi? Tambaya ce mai kyau, kuma ban yarda a share ta da cewa ai dabba ce ba. Mu da aka tarbiyyantar da mu cewa ko yanka za ka yi ka wasa wuƙa, kada ka wasa ta a gaban dabbar, kada ka yanka wata a gaban wata, bai kamata a ce sai Bature ya koya mana tausayin dabba a ɗakin bincike ba. Su ma can sai a 1959 wasu masana biyu, Russell da Burch, suka tsara ƙa'idojin da duniya take bi yanzu. In akwai abin da zai maye gurbin dabba mai rai, a yi amfani da shi. In babu, a rage yawansu iya abin da zai ba da amsa. Waɗanda aka yi amfani da su kuma a sauƙaƙa musu: cikakken maganin barci, maganin ciwo bayan aiki, kulawa, kuma in wahala ta yi yawa a kawo ƙarshenta. Jami'o'i suna da kwamitin da sai ya amince kafin a taɓa dabba, manyan mujallun kimiyya ma ba sa karɓar binciken da bai bi ta nan ba. Zan ƙara ɗaya wanda ya shafe mu nan: dabbar da aka cika wa jiki da magungunan barci ba ta kasuwa ba ce. Kada tsadar nama ta sa wani ya karkatar da ita wurin mai tsire.

Ƙa'idar farkon nan, ta maye gurbi, ita ce ta fi ba ni sha'awa, don a nan ne muke da arzikin da ba mu lissafa shi. Kullum ana yanka a garuruwanmu. Kullum akwai huhu a kan tebur, kuma yana cikin mafi araha a kayan ciki. Kwanakin baya ni da wasu abokaina biyu muka je wurin wani dattijon mahauci a Boɗinga, na ce, Baba, huhu nake so, amma a bar min shi da maƙogwaronsa da zuciyarsa, kada a huda. Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, mi za ka yi da shi? Tun da nike wagga sana'a ba a taɓa tambaya ta huhu da maƙoshinai ba." Da na yi masa bayani sai ya yi dariya, ya ciro shi tsaf, ko ƙwarzane babu. In ana maganar sanin inda kowace jijiya ta bi, mutanen nan ba ƙananan masana ba ne.

Muka samu kwali, muka huda shi wuri uku, muka sa huhun a ciki cikin roba. Waya ɗaya a ciki da fitilarta a kunne, tana turo hoto zuwa wata a waje. Famfon keke a maƙogwaro. Da aka buga famfon, huhun nan ya tashi ya yi jajir kamar mai rai, yaran gidan suka watse da gudu. Sannan muka ce kowa ya gwada ɗaukar ƙwayar wake da dogon hantsaki yana kallon allo kawai. Nan ake gane abin. Ka tura hannu dama, bakin ƙarfen ya tafi hagu, don hujin ya zama kamar tsakiyar sikeli. Allo kuma ba ya nuna zurfi, kana ganin ka iso ashe saura. Wannan rikicewar kowane mai koyo sai ya wuce ta, kuma babu dalilin da zai sa ya wuce ta a jikin mai rai. Manyan cibiyoyin horo ma da akwati suke farawa, nasu dai ya fi namu kyau. Akwati tukuna, sai huhun mahauta, sai dabba mai rai a ƙarshe kuma kaɗan, sai tsayawa kusa da gwani a ɗakin tiyata shekara da shekaru. Ina roƙo, wannan wasan kwali ne da huhun da aka riga aka yanka. Kada wani ya ji shirin nan ya kama akuyar gidansu.

Sai dai akwai wani gibi da ko akuya dubu ba za ta cike ba. Akuyar gwaji matashiya ce, lafiyayya, huhunta sumul. Tiyatar huji ta girma ne a ƙasashen da ake gano kansar huhu tun tana ƙarama. Mu fa? Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa kusan mutum rabin miliyan ne ke kamuwa da tarin fuka a Najeriya duk shekara, mu ne kan gaba a Afirka. Huhun da tarin fuka ya daɗe a ciki yakan manne da bangon ƙirji kamar an sa gam, kaluluwar da ke kusa da manyan jijiyoyi ta taurare kamar tsakuwa. Shiga irin wannan ƙirjin ta huji ya fi wahala nesa ba kusa ba, kuma ya fi haɗari. Don haka in aka ce muku an fara ta huji sai aka koma aka buɗe, kada ku ce likita ya kasa. Sau da yawa wannan shi ne hankali.

Ga kuma kuɗi. Na'urar ɗinkin nan da na ambata, kanta sau ɗaya ake amfani da shi a jefar, aiki guda yakan ci da yawa, kuma da dala ake shigo da su. Kyamara da allo suna son wutar da ba ta ɗaukewa. Saboda haka ni a ganina, in za a sa akuyar Sakkwato a ƙarƙashin wuƙa, kada a yi don a maimaita abin da Milan ta gama tun 1991 a samu takardar ƙarin girma. A yi don tambayoyinmu. Za a iya ɗaure jijiya da reshen maƙogwaro da zare ta huji, lafiya lau, ba tare da na'urar dala ba? Kayan da ake dafawa a sake amfani da su, sau nawa za su yi aiki kafin su fara cutarwa? Wace hanya ce mafi sauƙi ta wanke ƙirjin yaro? Waɗannan babu wanda zai amsa mana su daga waje, don ba matsalarsu ba ce.

Maganar wanke ƙirjin yaro, bari in tsaya a kanta, don ita ce ta fi kusa da gidajenmu. Yaro ya yi ciwon haƙarƙari, zazzaɓi, tari, numfashi sama-sama. Aka sayo magani a kemis, ya ɗan lafa, ya dawo. Abin da ke faruwa wani lokaci shi ne ruwa ya taru tsakanin huhu da bangon ƙirji, ya zama mugunya. A kwanakin farko ruwan tsinkakke ne, bututu ɗaya a gefen ƙirji da maganin kashe ƙwayoyin cuta sun isa. In an ɗan jima sai ya yi kauri, ya rabu ɗaki-ɗaki, bututu ba ya iya zuƙe shi. A nan ne tiyatar huji take da ranarta, a shiga a farfasa a wanke. In aka ƙara makonni kuwa, sai wani ɓawo mai tauri ya lulluɓe huhun ya hana shi buɗewa, yaro ya fara karkacewa gefe guda. A wannan matakin galibi sai an tsaga an ɓare. Ciwo ɗaya ne fa, lokaci ne ya bambanta aikin. Daga Boɗinga zuwa Sakkwato bai kai tafiyar awa guda ba, Shagari tana gaba kaɗan a kan titin Jega. Sau da yawa ba nisan hanya ne ke cin makonnin nan ba, a gida ake cinye su ana jiran a ga abin da hali zai yi.

Sannan don Allah, iyayenmu da wanzamanmu, ina girmama sana'a, amma ƙirji ba wurin sakiya ba ne. Ƙurji a cinya daban, kumburi a haƙarƙari daban. Kun ji abin da na ce game da ragon layya: da iska ta samu kafa, huhu kwanciya yake yi. Likitan da ke huda ƙirji yana da bututun da bakinsa ke cikin ruwa a kwalba, iska ta fita ba ta dawowa. Kibiyar sakiya ba ta da wannan.

Babba kuma da ya yi tari mako biyu bai tsaya ba, ko yana zufa da dare, ko yana ramewa, ya je a duba majinarsa. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware, wata shida ake sha, kuma mafi yawan waɗanda suka sha shi daidai ba sa taɓa ganin ɗakin tiyata.

In kuma har ta kai an ce za a yi wa naka aiki a ƙirji, kana da damar tambaya cikin ladabi. Likita, buɗewa za a yi ko huji? Me ya sa wannan ya fi dacewa da shi? Kun saba yin irinsa a nan? In an fara ta huji abu ya canza, an shirya buɗewa, akwai jini a ajiye? Bututun zai kwana nawa? Ka rubuta su a waya kafin ka shiga, don a gaban likita kan mutum yakan ɗauke.

Masu karatun likitanci da na dabbobi da ke bin shafin nan, in kun haɗa naku kwalin ku turo hoto mu gani, ku faɗa mana wake nawa kuka iya ɗauka a minti ɗaya. Mu a namu, wanda ya fi kowa tela ne, ko sakandare bai gama ba.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.